Inna Ba Ta Taɓa Kiran Sunana Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Dattawan ikilisiya, iyayena mata, da ku matasan da kuke can baya kuna hamma, alherin Ubangiji ya zauna tare da ku. Yabo ga Ubangiji!

Sunana Saratu. Ku yi haƙuri in sake faɗa: Saratu. Kafin in zauna za ku gane abin da ya sa nake jin daɗin faɗarsa.

Shugabar zumuntar mata ta ce in ba da shaidar yadda Ubangiji ya warkar da ni daga ciwon ciki. Zan bayar. Sai dai ciwon ba a ciki ya fara ba, kuma wanda ya zo jin labari mai daɗi, to yau ya yi haƙuri da ni.

An haife ni shekarar da aka sami mulkin kai, a wata 'yar unguwa tsakanin Kusada da Dudunni. Gidajen masu bi kaɗan ne, majami'armu ta laka ce da jinka. Ni ce 'yar fari wurin Innata, kuma daga ni Allah bai ƙara mata ba.

Ina 'yar shekara bakwai aka fara yaƙin basasa, ana ɗibar soja. Babana ya ajiye fartanya ya tafi Kankia, ya hau babbar mota. Na tuna bayan rigarsa, ban tuna ko ya waiwayo ba.

Bai mutu a yaƙi ba. Da ma ya mutu! Allah ya gafarta mini, amma gaskiya na zo faɗa. Da ya mutu da an zo mana gaisuwa, da an ce mini marainiya, da wani ya dafa kaina. Yaƙi ya ƙare, 'yan'uwansa soja suka dawo, masu ƙafa ɗaya ma suka dawo. Shi kuwa sai labari muka ji wai an gan shi a Kaduna, ya sami gadi a wata masaƙa, da mata da yara.

Inna ta zama ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba wadda miji ya rasu ba. Ikilisiya ta ce mijinta na da rai, ba ta da ikon yin wani auren. Dangin babana kuwa tun ranar da aka yi masa baftisma suka zare hannunsu daga gidanmu. Uwar Inna ta rasu tun ban san kaina ba. Gida ya rage mu biyu, sai awaki.

To, ku 'yan yanzu, ku saurara, domin nan ne maganar take. A ƙasarmu mace tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi, in da mutane ma ko kallonsa ba ta yi. Wadda ta yi, sai a ce ba ta da ta-ido, ba ta sami tarbiyya ba. Waɗanda suka kafa wannan al'ada ba mugaye ba ne, sun san a babban gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan baffanni. Uwa ta kau da kai, hannu goma su ɗauki yaro. Kaka ta goya shi, ta yi masa kirari, ta kira sunansa har ya gaji da amsawa.

Mu kuwa babu kaka, babu gwaggo. Inna ta kau da kai kamar yadda aka koya mata, kuma babu wanda ya miƙo hannu.

"Ke, zo." "Ke, ɗauko tulu." "Ke, awaki sun shiga gona." Sunana ke nan a gidanmu. In baƙuwa ta tambaye ta, "Wagga ɗiyarki ce?" sai Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Ta nan gidan ce." Ta nan gidan! Kamar turmi, kamar akuya. Na sha faɗuwa in fasa gwiwa, ta tsaya daga nesa ta ce, "Tashi." In na yi kuka sai ta shiga ɗaki.

Mutane sukan ce mini, ai kin yi sa'a, gidanku babu hayaniya. Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, akwai abin da na samu. Ban taɓa ganin an ɗaga wa uwata hannu ba. Ban taɓa laɓewa bayan rumbu don maigida ya dawo da fushi ba. Na iya huɗa, na iya yankan gero, na iya hawa ɗaki in gyara jinka, abin da 'yan matan unguwarmu ko a mafarki ba su yi ba. Da aka ce a kai yara makaranta a Kusada, wasu iyaye maza suka ce wa zai yi musu tallar ƙuli-ƙuli, ni kuwa Inna ta wanke ni ta nuna mini hanya. Kuma duk Kirsimeti in an yanka kaza, ƙundu, wanda kowa ya san rabon maigida ne, a kwanona nake tsintarsa. Ba ta cewa komai, ni ma ba na tambaya.

Amma kafin a ci kazar nan sai na rungume ta na bi gidajen maƙwabta ina neman namijin da zai yanka mana. Wani ya ce yana zuwa, wani ya ce in jira ya gama askinsa. Yara su biyo ni suna cewa, "Gidan da ba zakara!" Wani baffana, wan babana, ya dinga matso da gambar da ke kan iyakar gonarmu, kowace damina ya ci kunyar gona ɗaya ko biyu. Da Inna ta je yin magana aka ce ta turo namiji. Ina za ta samo shi? Ta dawo ta ɗauki fartanya ta ci gaba da noman abin da ya rage.

Shekarar babban fari, da hatsi ya ƙi, na ga Inna tana tafasa ganye da dusa. Ta ajiye mini ɗan abin da ya fi kauri, ta juya mini baya ta ci nata. Ni a lokacin ba ganyen nake gani ba, bayan nake gani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da aka gama aji bakwai. Na zo ta ɗaya, har da maza. Aka tara iyaye a ƙarƙashin bishiyar bedi, hedimasta ya kira ni, ya ce uwa ko uban wannan yarinya ya fito a gan shi. Na juya ina neman Inna. Na gan ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sulale ta bayan mata ta kama hanyar gida. Mata suka yi guɗa suna cewa, "Kai, wagga mata da kunya take!" Ita aka yaba. Ni kuwa na tsaya ni kaɗai a tsakiyar fili, da kyautar sabulu a hannu, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar nan wani abu ya ƙulle a nan, ƙarƙashin ƙirjina. Na ce a raina matar nan ba ta sona, dole ce ta sa take ciyar da ni.

Sai ga shekarun man fetur. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk wanda ke birni ya haukace da sayen rediyo da babur. Ana gobe Kirsimeti, da hantsi, muka ji ƙugin babur a ƙofar gida. Wani mutum ya sauko, da tabarau, da agogo, da rediyo rataye a kafaɗa. Ya buɗe hannu ya daga murya, duk unguwa na ji:

"Saratu! Saratu ɗiyata! Haka kika girma?"

Ina 'yar shekara goma sha shida, ban taɓa jin an kira sunana a tsakar gidanmu ba. Shi ma ai 'yar farinsa ce ni, amma zaman bariki ya cinye masa kunyar. Ban tambaye shi ina ya shiga shekara da shekaru ba. Ban tambaye shi ko ya ji labarin fari ba. Suna kawai ya kira, na narke.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe shi kamar jiya ya fita. Washegari shi ya yanka kazar, ban zaga unguwa ba. Da aka zuba abinci na buɗe kwanona, sai ga ƙundu. Maigida na zaune, amma a kwanona ta sa. Na ce Inna ta yi mantuwa. Na ɗauka na kai kwanon Baba. Ya jefa a baki yana murɗa rediyonsa, ko dubawa bai yi ba. Na ga Inna ta bi hannuna da ido, sannan ta tashi ta tafi wajen awaki.

Ya ce zai tafi da ni Kaduna, in ci gaba da karatu, in zama malamar asibiti. Ya faɗi haka gaban dattawa, suka ce ai ɗiyarsa ce, wa zai hana?

Ranar tafiya na ɗaure kayana, na same ta tana ɓarar gyaɗa a bakin ɗaki. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, ki kira sunana sau ɗaya. In kin kira, na fasa."

Hannunta ya tsaya. Na jira. Can sai ta ce, "Ke, kin baro zanenki bisa igiya."

Na ɗauko zanen, na hau bayan babur, ban yi mata sallama ba.

A Kaduna na ƙoshi da sunana. Wayyo, na ƙoshi! "Saratu, ɗebo ruwa a famfo." "Saratu, goyi yaron nan." "Saratu, wanke kakina." "Saratu, kai abincin sayarwa bakin masaƙa." Daga fitowar rana har faɗuwarta. Makaranta kuwa kullum sai baɗi. Matarsa ba muguwa ba ce, ita ma ta gaji ne, yara sun yi mata yawa, ta ce ya samo mata mai aiki, shi kuwa ya tuna yana da ta kyauta a ƙauye. Wannan shi ne "Saratu ɗiyata". Na kai inda in na ji sunan sai gabana ya faɗi.

In koma gida? Da wace fuska? Na haɗiye. Na haɗiye ɗacin Baba a kan na Inna, na daina addu'a, na daina zuwa sujada. Na ce Allah ma uba ake ce masa, ni kuwa na ga abin da ake kira uba.

Ciki ya fara mini zafi kamar an zuba garwashi. In na ci abu ya dawo. Na rame har zanena yana zagaya ni sau biyu. Ranar da na yi aman jini a tsakar gida, Baba ya dube ni, ya dubi jinin, ya ce, "Gara a mai da ta wajen uwarta." Ya kai ni tasha ya damƙa wa wani direba. Bai rako ni ba, wai ba a ba shi hutu ba. A ranar kam ko sunan bai kira ba.

Direba ya sauke ni a tashar Kankia ya kwantar da ni a gindin wata bishiya. Wata Bafulatana mai tallar nono, wadda rugarsu ke kusa da unguwarmu, ta gane ni. Musulma ce, ba ta haɗa komai da mu ba sai maƙwabtaka, amma ta bar ƙwaryarta wajen wata, ta nemi mai keke ya kai wa Inna saƙo, ta zauna tana kore mini ƙuda. Allah ya saka mata.

Inna ta iso a ƙafa, ƙura har gwiwa. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce me ya same ki ba. Ta durƙusa, ta juya mini bayan nan da na tsana, ta ce, "Ke, hau." Ta goya ni, budurwa 'yar shekara goma sha tara, ta ratsa kasuwa da ni har asibiti, mutane suna kallo.

Likita ya ce gyambon ciki ne. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun ba ni magani, suka ce sauran sai na ci abinci na kwantar da hankali. Muka koma gida. Amma ni na riga na yanke shawara. In Inna ta kawo kunu sai in juya fuska ga bango. Na ce a raina tunda ba ni da suna a gidan nan, bari in mutu, in ga abin da za ta ce ta rasa.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, ikilisiya ta zo yi mini addu'a. An kawo mana sabon mai bishara, saurayi ne daga kudancin Zariya, bai san al'adunmu ba. Aka cika ɗaki, wasu a tsakar gida. Ya dubi Inna ya ce, "Mama, ke kika haife ta, ke za ki fara. Ki kira sunanta a gaban Ubangiji, ki roƙa mata rai."

Wata ta ƙunshe dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, ɗiyar fari ce fa. Ba a yi."

Ya ce, "Ko a gaban Allah?"

Tsohuwar ta ce, "To ai mu ma muna nan."

Ina kwance fuskata ga bango, amma duk jikina ya zama kunne. Na ce yau za a yi ta. Na ji Inna ta durƙusa kusa da ƙafata. Da ta buɗe baki, murya ce da ban san tana da ita ba.

Ta ce, "Ya Ubangiji, ka san wadda nike nufi. Bakina ba ya iyawa, haka aka tashe ni, kai ka sani. Amma ita ɗai gare ni. Ba ni da miji, ba ni da uwa, ita ce maigidana, ita ce ɗiyata. Randa ta tahi na so in kira, harshena ya ƙi, na bi sawun babur har bakin titi. In rai kake so, ga nawa, ka bar mini ita. Kai ka san sunanta. Kai ka kira ta."

Ba ta faɗa ba, jama'a. Har a nan ba ta faɗa ba! Amma ta ce ɗiyata. Gaban mata, gaban dattawa, gaban tsohuwar nan, ta ce ɗiyata. Ta ce maigidana, sai ƙundun nan ya faɗo mini a rai, na kowace shekara, da wanda na ɗauka da hannuna na kai kwanon wancan mutumin.

Abin da ya ƙulle a ƙirjina tun ranar sabulu ya tsinke. Na yi kukan da ban taɓa yi ba. Na ce, "Yesu, in kana kiran naka da sunansu kamar yadda ake faɗa, to ga ni, na gaji, ka kira ni." Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani shi ne wutar da ke cikina ta lafa, na ji yunwa. Na juyo na ce, "Inna, da sauran kunun?"

Halleluya! Ta kawo, ta tallafe kaina, ta ba ni da ludayi. Matan nan duk suka kau da kai don kada su ba ta kunya. Na sha, ya zauna. Daga ranar nan har yau da nake tsaye gabanku da furfura, ban sake aman jini ba. Yabo ga Ubangiji!

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Karatun da na so ya wuce ni. Gonar da baffana ya ci ba ta dawo ba. Babana ya rasu a Kaduna ba tare da ya taɓa cewa ya yi mana laifi ba. Na gafarta masa domin Ubangiji ya umarta, amma gaskiya sai na sake gafarta masa kusan kowace safiya, don da na tuna babur ɗin nan sai abin ya taso. Ku maza da ke zaune, in kun tafi neman kuɗi ku tuna ba bishiya kuka bari a gida ba.

Inna kuwa ta ƙara shekaru masu yawa, ta ga aurena, ta goyi 'ya'yana, ta yi musu kirari, ta kira sunayensu har suka gaji da amsawa. Nawa dai shiru. Na jira, ban daina jira ba. Ranar da za ta cika, da rana tsaka, na shigo da ruwa, ta ɗaga ido ta ce, "Ke, zo." Na ce, "Na'am, Inna." Ta riƙe wuyan hannuna gam, ba ta sake ba har ta tafi. Har yau abin yana mini ciwo, ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Kalma ɗaya ce, kuma ta tafi da ita.

Amma ni da na haifi tawa 'yar farin, ranar suna na karɓe ta a hannun ungozoma na kira ta gaban kowa. Mata suka riƙe baki, suka ce Saratu ba ta da kunya. Na ce e, ba ni da ita, na ga abin da ta ci mini.

Ke da kike renon yaro ke kaɗai, kai da aka bar wa yara, na san nauyin, na ga wuyan da ya ɗauke shi. Ku dogara ga Yesu, shi ba ya hawa mota ya tafi. Amma ku tuna, in babu kaka babu gwaggo, abin da ba ku faɗa wa yaron nan ba, babu mai faɗa masa. Kai kuma da ka tashi a irin gidanmu kana jin ba a son ka, ka kai wa Yesu ɗacin kafin ya huda maka ciki kamar yadda ya huda mini.

Na gode wa Ubangiji da ya kira ni lokacin da bakin uwata ya kasa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa.

'Yar farin tawa tana nan, ga ta can kusa da taga tana ɓoye fuska, da jikokinta ma. Ba inda za ki ɓuya. Rahila! Rahila ɗiyata, tashi jama'a su gan ki.

Amin.